Lares, Ausangate, Salkantay ko Hanyar Inka: wacce za ka bi in mutanen ƙauye kake son gani?

Kusan duk kamfanin yawon buɗe ido da ke birnin Kusko na ƙasar Peru, in ka leƙa tallarsa a intanet, hoto iri ɗaya za ka tarar: mace cikin jan mayafi da faffaɗar hula, ta rungume ɗan alfaka, wata dabba mai yawan gashi dangin raƙumi, a bayanta tsauni ne mai farin kai. Ƙarƙashin hoton kuma ga alkawarin za a ratsa da kai ƙauyukan gargajiya na tsaunukan Andis. Hanyoyi huɗu aka fi tallatawa da wannan alkawari: Hanyar Inka, Salkantay, Lares da Ausangate. Dukansu tafiyar ƙasa ce ta kwanaki, galibi a tanti ake kwana, kuma kowacce tana haura mita 4,000 sama da teku. Sai dai biyu daga cikinsu kusan babu ƙauyen da za ka zauna a cikinsa har ka ga yadda mutane ke rayuwa, kuma su biyun ne suka fi suna.

Kafin a zo kan hanyoyin sai an yi batun numfashi, don shi zai yanke rabin hukuncin. Kano ba ta kai mita 500 sama da teku ba. Jos da muke yi wa kirarin sanyi wajen mita 1,200 take. Dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne, kusan daidai da Machu Picchu, tsohon garin dutse na daular Inka da ta mulki yankin kafin zuwan Sifaniyawa, mai mita 2,430. Shi kuwa Kusko, inda jirgi zai sauke ka bayan tafiyar da ba ta kai awa ɗaya da rabi ba daga Lima, babban birnin ƙasar da ke bakin teku, yana kan mita 3,400. Kana saukowa daga jirgi ka riga ka ɗara ƙololuwar Najeriya da kusan mita 1,000, alhali ko takalmin tafiya ba ka ɗaura ba.

A tsawon mita 4,000, kowace shaƙa tana kawo maka kusan kashi 60 cikin 100 ne na iskar oksijin da za ka samu a bakin teku. Daga nan ciwon tsauni ke tasowa, wanda mutanen can ke kira soroche: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, abinci ya fita daga ran mutum, barci ya gagara. Ƙarfin jiki ba ya hana shi. Ɗan ƙwallo zai iya kwanciya warwas, dattijuwa ta wuce shi da sandarta. In ya yi tsanani ruwa kan taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma a nan babu wani magani da ya kai a sauko da mutum ƙasa cikin gaggawa. Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, tsawon inda za ka kwana ya fi tsawon inda za ka tsallake muhimmanci. Mashigar tsauni ka hau ta ne ka ɗauki hoto ka gangara. Zango kuwa a nan jikinka zai yi awa goma yana fama. Saboda haka duk jadawalin da aka turo maka, ka fara duba tsawon zangunan.

Akwai kuma abin da ya shafe mu fiye da yawancin waɗanda ake rubuta wa waɗannan tallace-tallace, wato sikila. Mai SS ba wurin zuwansa ba ne sai da sahalewar likitansa, wannan a fili yake. Amma har mai AS, wanda a gida bai san yana ɗauke da komai ba, ƙarancin oksijin a kan tsauni kan sa jini ya toshe masa a saifa. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a gefen ciki na hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, kuma ɗan jagoran da bai saba da irin wannan ba zai iya ɗauka ɓacin ciki ne ya ba ka shayi. Wanda bai san jininsa ba ya je a gwada tun kafin ya biya ko sisi, ya kuma tambayi likita batun ƙwayar acetazolamide da ake sha don rage ciwon tsauni.

Hanyar Inka ita ce uwar suna. Kwana huɗu ce, kusan kilomita 43, ana farawa daga wurin da ake kira Kilomita 82 a bakin kogin Urubamba. Guntu ce daga cikin hanyoyin daular Inka da suka zarce kilomita 30,000, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014. A rana ta biyu ake hawa mashigar Warmiwañusqa mai mita 4,215, daga nan sai matakalun dutse marasa iyaka, da kufai bayan kufai: Runkurakay, Sayacmarca, Phuyupatamarca, Wiñay Wayna. Da asubahin rana ta huɗu ka ɓullo ta Inti Punku, Ƙofar Rana, ka hango Machu Picchu a ƙarƙashinka. Cikin huɗun nan ita kaɗai ke shigar da kai wurin da ƙafarka ta wannan ƙofa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Zangunanta ma da sauƙi, yawanci ba sa wuce mita 3,600 da ɗan abin da ba a rasa ba.

Amma ƙauye? Bayan Wayllabamba a rana ta farko, sallama. Sauran hanyar tana cikin gandun da gwamnati ta keɓe, gidajen da za ka gani masu su sun bar su tun ɗaruruwan shekaru. Ga kuma takura: mutum 500 kawai ake bari su shiga a rana, har da 'yan dako da masu dafa abinci da 'yan jagora, baƙi wajen 200 ke nan. Dole ka bi kamfani mai lasisi, izinin da sunanka da lambar fasfonka yake fita, ba a sauya shi, kuma na watannin Yuni zuwa Agusta kan ƙare tun watanni kafin lokacin. A watan Fabrairu rufe hanyar ake yi gaba ɗaya. Galibi ita ta fi tsada.

Ba a yarda da dabbobin dako a kanta ba, don kofato na lalata daɓen dutsen. Saboda haka mutane ne ke ɗaukar tanti da tukunyar gas da kujeru. Doka ta ƙayyade kaya kilo 20 ga ɗan dako namiji, akwai ma'auni a bakin shiga. Za ka gan su suna wuce ka da sassarfa a kan matakala, kaya ya fi kansu tsawo, wasu da takalman da aka yanka daga tayar mota. To da yawa daga cikin mutanen nan 'yan ƙauyukan Huilloc da Patacancha da makwabtansu ne. Wato mutanen ƙauyen da tallar ta yi maka alkawari suna nan tare da kai, amma a bakin aiki, da kayanka a bayansu. Gidajensu suna kan wata hanyar, ita ce Lares.

Salkantay ba sai an daɗe a kanta ba. Kwana biyar, kilomita 70 da ɗoriya, babu neman izini, har wasu kan bi ta ba ɗan jagora, shi ya sa ta fi araha kuma ta cika da matasa 'yan jakar goyo. Ana kwanan farko a Soraypampa, wajen mita 3,900, a leƙa tafkin Humantay, washegari a tsallake mashiga mai mita 4,600 da 'yan kai a gindin tsaunin Salkantay mai mita 6,271. Daga nan sai gangara kawai, daga ƙanƙara zuwa kurmi, har ka tsinci kanka cikin gonakin kofi da ayaba da piya a Lucmabamba, ƙuda masu cizo suna maka maraba. Ƙarshenta ka bi gefen layin dogo zuwa garin Aguas Calientes da ke gindin Machu Picchu. Wajen sauyin yanayi babu kamarta. Amma garuruwan da ke kanta na kasuwancin baƙi ne: masauki, shago, wurin cajin waya. Wanda ke son tsauni da rangwamen kuɗi ya bi ta. Wanda ke son ya ga masaƙa a bakin aiki ya yi ɓatan kai.

Lares ba hanya ɗaya ba ce, hanyoyi ne da dama da ke ratsa tsaunukan da ke tsakanin kwarin Lares da kwarin Urubamba, kuma kowane kamfani da tasa. Wadda aka fi bi tana farawa daga garin Lares mai maɓuɓɓugar ruwan zafi, bayan tafiyar mota daga Kusko ta garin Calca. Daga nan a haura zuwa ƙauyen Huacahuasi, wajen mita 3,800, a tsallake mashigar Ipsaycocha mai kusan mita 4,500, a gangaro Patacancha da Huilloc, a ƙare a Ollantaytambo. Kilomita 30 da 'yan kai ce, kwana uku ana tafiya, na huɗu jirgin ƙasa ya kai ka Machu Picchu. Wata kuma tana bi ta Huarán da Cancha Cancha da Quishuarani, mashigarta ta fi tsawo, ta kai wajen mita 4,700. Kada ka yarda da sunan Lares kawai, ka nemi sunayen ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya.

A nan hanyar da kake bi ita ce hanyar da mutane ke bi zuwa gona da makaranta da kiwo. Da safe a Huacahuasi, raɓa ta daskare a kan ciyawa, hayaƙi na fita ta jinkar gidajen dutse, za ka ga mace ta koro lama da alfaka, dabbobin nan dangin raƙumi marasa tozo, tana tafe tana kaɗi. Mazarin na lilo a gefenta, ta murza shi da yatsu, ta ja gashi daga dunƙulen da ta naɗe a wuyan hannu, idonta na kan garke. Ba ta tsayawa. A ƙofar gida wata ta kafa turke, ta ɗaure masaƙa a jikinsa, ɗaya ƙarshen ta ɗaura a ƙugunta, da jikinta take ja zaren ya miƙe ko ya saki, tana tsince zare ɗaya-ɗaya da tsinken ƙashin lama. Zanen ba a rubuce yake ba, a ka yake, uwa ke koya wa 'ya. Jan launin da ya mamaye tufafin Huilloc da Patacancha a gargajiyance daga wani ɗan ƙwaro ake samunsa, mai zama a jikin wata shuka mai ƙaya, a busar da shi a daka. Yau akwai zaren kanti mai ƙyalli a kasuwa, kuma kana taɓa su biyun za ka ji bambanci. Mayafi mai kyau kan ci makonni, har watanni, don haka wanda ya tsaya yana taya shi kamar a bakin kasuwa bai yi wa kowa adalci ba.

In an gayyace ka cikin gida, ɗaki ɗaya ne mai duhu, murhun ƙasa a lungu, kashin dabbobi busasshe ne makamashi, ɓerayen Masar suna ta kai-kawo a ƙarƙashin gado suna tsuwa. Kiwonsu ake yi, naman biki ne. Dankalin Turawa kuwa nan ne asalinsa, kuma Peru na da dubban irinsa, baƙi da ja da shunayya da mai rawaya. Wanda ya je a watan Yuni ko Yuli zai tarar an shanya ƙananan dankali a fili. Da dare sanyi ya daskarar da shi, da rana ya narke, sai a bi shi da ƙafa ana tattakewa ruwan ya fita, a bar shi ya bushe ƙarau. Shi ne chuño, yana shekaru a rumbu bai lalace ba. A lokacin girbi kuma, cikin gonar ake tara hoge a yi ɗan tanderu, a hura wuta har ya yi ja, a zuba dankali a rushe shi a kai. Noman da ginin gida har yau da gayya ake yinsu, wadda suke kira ayni: yau a naka, gobe a nawa.

Kada dai ka tafi da tunanin za ka shiga wani zamani da ya shuɗe. Mota tana zuwa Patacancha da Huacahuasi, akwai makaranta, akwai kwanon rufi, akwai wayar salula a aljihun makiyayi. Yara za su tare ka, wasu sun saba da alewar baƙi, a wurin da likitan haƙori ke da nisa. Burodi ko lemo ya fi, sayen saƙa kai-tsaye daga hannun wadda ta saƙa ya fi duka. Harshensu Kechuwa ne, tsofaffi da yawa ba sa jin Sifaniyanci sosai, don haka ɗan jagoran da ba ya jin Kechuwa rabin ɗan jagora ne. Da shi za ka ji labarin mutane, in babu shi sai dai murmushi da ɗaga hannu. Hoto kuma sai an nemi izini.

Raunin Lares shi ne babu manyan kufai a kan hanya, tsaunukanta ma ba su kai na Salkantay ban tsoro ba. Amma tana ƙarewa a Ollantaytambo, garin da har yau mutane ke zaune a kan titunan da Inka suka shata, ruwa na gudu a magudanan dutse a gefen lungu, inda sarkin Inka Manco Inca ya kori rundunar Sifaniyawa a 1537. Ga wanda kuma Ƙofar Rana ke ransa, akwai gajeriyar Hanyar Inka da ke farawa daga Kilomita 104, yini ɗaya ana tafiya, ta bi ta Wiñay Wayna ta shiga Machu Picchu. Ita ma da izini, amma ya fi sauƙin samu, kuma kamfanoni da dama na haɗa ta da Lares. A ganina wannan haɗin shi ya fi dacewa da mai zuwa karo na farko.

Ausangate wata duniya ce. Tsauni ne mai mita 6,384 a kudu maso gabashin Kusko, mafi tsawo a yankin, kuma kewaya shi ake yi, kwana biyar zuwa shida, yawanci daga ƙauyen Tinki kusa da Ocongate a dawo ta Pacchanta. Ba ta kai ka Machu Picchu, sai ka shirya wannan daban. Mashigunta da dama ne, mafi tsawo Palomani ta haura mita 5,000, kuma kusan duk zangunanta sun wuce mita 4,200. Ka tuna batun inda ake kwana: a Salkantay dare ɗaya za ka sha wuya ka gangara, a nan babu gangarawa sai an gama. A watannin Yuni da Yuli ruwan gora kan daskare cikin tanti.

Abin da za ka samu a madadin wahalar: tafkuna masu launin shuɗi da kore a gindin ƙanƙara, duwatsu ja-ja-ja, garken alfaka ko ta ina, ruwan zafi a Upis da Pacchanta, da kaɗaici na gaske. Mutanen nan makiyaya ne, sama da inda yawancin amfanin gona ke yi, zaman su a warwatse, gida biyu nan uku can da shingen dutse. Kafin gyaran dokar filaye na 1969 a zamanin shugaban ƙasa Janar Velasco, yawancin yankin yana ƙarƙashin katafariyar gonar Lauramarca, mutanen suna yi wa mai gona kiwo. Yanzu ƙasar ta al'umma ce, shi ya sa za a tare ka a karɓi ɗan kuɗin wucewa ko na zango. Haƙƙinsu ne, ka riƙe canjin sol, kuɗin Peru, a aljihu. Kusa da nan ne kuma ake bikin Qoyllur Rit'i a kwarin Sinakara cikin Mayu ko Yuni, mai tara dubun-dubatar masu ziyara. Dutsen Vinicunca mai launuka, da ya cika Instagram, shi ma a wannan yanki yake, wasu kamfanoni na ƙara shi, amma in ba da sassafe ka isa ba cikin cincirindon 'yan yini ɗaya za ka faɗa.

Tsakanin Lares da Ausangate ne zaɓin yake ga mai neman mutane. A Lares ƙauyuka ne sosai, da makaranta da gonaki da masaƙa, kuma in jiki ya ƙi, titin mota ba shi da nisa sosai. A Ausangate za ka iya yin rabin yini ba ka ga kowa ba sai makiyayiya ɗaya da karnukanta, amma wanda ka gani ɗin bai gaji da baƙi ba. Wanda bai taɓa kwana sama da mita 4,000 ba, ban ga dalilin da zai fara da Ausangate ba. Mai AS kuwa ko Lares ɗin sai ya zauna da likita. Wanda ke da mako biyu da lafiya ya yi kwana uku a Kusko ko, mafi kyau, a kwarin Urubamba da bai kai mita 3,000 ba, ya bi Lares, ya huta, sannan ya tunkari Ausangate jikinsa ya riga ya saba.

Lokacin zuwa ɗaya ne ga duka huɗun. Rani daga Mayu zuwa Satumba ne, sama garau, rana mai ƙuna, dare mai tsananin sanyi. Damina daga Nuwamba zuwa Maris, taɓo da hazo da zaftarewar ƙasa. Mayu da Satumba sun fi daɗi, cunkoso ya ragu.

Ga musulmi, abinci ba matsala ba ne in an yi magana da wuri, don kowace tawaga da mai dafa abincinta take tafiya. Ka rubuta wa kamfani cewa ba naman alade, ba giya a girki, kuma mafi kwanciyar hankali ka ce kifi da ƙwai da kayan lambu kawai. Kifin ruwan sanyi da miyar kinuwa, wani hatsin can, da dankali sun ishe ka. Ka bambance chicha iri biyu: ta masarar da aka tsima, wadda ake kafa sanda mai jar leda a ƙofar gidan da ake sayar da ita, giya ce, chicha morada ta baƙar masara, mai kalar zoɓo, ba ta da maye. Ruwan rafi narkakkiyar ƙanƙara ce, amma ma'aikata kan kawo ruwan ɗumi a roba bakin tanti da safe, ka nemi ƙari don alwala. Alƙibla gabas take da ɗan karkata arewa. A kan mashiga za ka ga tsibin duwatsu, kuma 'yan jagora kan raba ganyen koka uku-uku a hura wa tsauni ana roƙonsa, don a wurin mutanen nan tsaunin mai rai ne. Ka ja gefe cikin mutunci, ba sai ka yi wa kowa wa'azi ba.

Shi wannan ganyen koka, wanda daga gare shi ake yin hodar ibilis, dokar Peru ta yarda da shi, ana tauna shi, ana shayinsa a kowane otal. A yawancin ƙasashen waje kuwa dokar miyagun ƙwayoyi ce ke hawa kansa, ko da a ƙunshin shayi ne, kuma shan sa kan fito a gwajin fitsari. Kada ko ɗaya ya kwana a jakarka ranar dawowa, musamman ga mai fasfon Najeriya da ya taso daga Kudancin Amurka.

Kafin ka tura kuɗi, ka tambayi kamfani a rubuce: sunan kowane zango da tsawonsa, ko akwai dokin ko-ta-kwana ga wanda ya gaza, ko suna ɗauke da tulun oksijin, ko masu alfadaran dakon kaya 'yan ƙauyukan da za a ratsa ne, da ko tikitin Machu Picchu na cikin kuɗin, don shi ma da rana da sa'ar shiga yake fita kuma yana ƙarewa. Batun doki bai shafi Hanyar Inka ba, can in ƙafa ta ƙi sai dai a juya da kai ko 'yan dako su ɗauke ka. Biza kuma ita za ka fara nema, tunda izinin Hanyar Inka in ya fita ba a mayar da kuɗinsa.